Shekarar da Kwamfutoci Goma Sha Huɗu Suka Mutu a Hannuna

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona da yamma, kuna kallona ina soka filashi a jikin kwamfuta, kafin a kira magariba ta tashi tana aiki, ina jin abin da kuke faɗa. Kuna cewa wannan aikin ko a waya mutum ya kalla zai iya shi cikin kwana biyu. Ban musa ba, ɗora Linux a kwamfuta ba shi da wuya. Abin da ba ku gani shi ne shekarun da za ta yi bayan nan, a hannun mutumin da bai san komai a kanta ba, a ƙauyen da wuta ba ta zuwa, kuma duk ranar da ta ƙi tashi kai za a kira. Sunana Sale. Har yau a Gaya Sale Mai Rediyo ake ce mini, duk da na daɗe rabona da buɗe rediyo.

Aikina na farko a kan kwamfuta a shagon Malam Tijjani na yi shi, a cikin birnin Kano. Lokacin gyaran rediyo ya fara mutuwa, kowa ya koma waya, sai na ɗauki jakata na tafi wurinsa koyo, ina da mata da 'ya'ya biyu. Shi ya fara gaya mini menene Linux. Ya ce manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, ba a sayar da ita, kuma a buɗe take, duk mai ilimi yana iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara abin da ya lalace. Da ya gama bayani ya ajiye mini wata tsohuwar kwamfuta da ba ta fitar da sauti, ya zare linzaminta, wato maus ɗin da ake dannawa, ya jefa a aljihun tebur, ya bar ni da baƙin allo da farin rubutu.

Ya ce, "Ga ta nan. Ba hoto za ka danna ba, rubuta mata za ka yi."

Na rubuta abin da ya koya mini, ta mayar mini da layi uku na Turanci. Na juya na ce, "Maigida, ta ƙi."

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta dai ƙi."

Ya ce, "Ban tambaye ka ko ta yarda ba. Me ta ce? Karanta mini."

Turancina na firamare ne, shi ma ya kwana biyu. Ran nan na sayi ƙamus a bakin kasuwa. Kwana huɗu ina bin layukan nan kalma bayan kalma, ina tambayar maƙwabtan shago, ina kwance lasifika ina mayarwa saboda hannuna ya saba da rediyo. A rana ta huɗu na gane cewa lasifikar lafiyarta ƙalau, sautin ne aka rufe daga ciki, kuma tun ranar farko kwamfutar ta rubuta mini haka. Layi ɗaya na rubuta, ta yi ƙara. Malam Tijjani bai ko ɗago kai ba. Shekara biyu na yi a wurinsa, kuma dokokinsa biyu ne kacal. Kafin ka taɓa kwamfutar mutum, ka kwafe kayansa zuwa wani wuri. Bayan ka sabunta ta, ka kashe ka kunna a gabanka kafin ka miƙa wa mai ita.

Da na dawo Gaya, na tarar masu son kwamfuta suna da yawa amma babu mai ƙarfin sabuwa. Malaman makaranta, masu buga takardu, masu ɗaukar hoto, ma'aikatan gona. Sai na riƙa ɗauko musu 'yan kwatano daga Kano, kusan duk iri ɗaya, tsofaffi amma masu ƙarko, ina ɗora musu Linux. Tana tafiya da sauri a tsohon inji, kuma bairas ɗin da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago ba ya kama ta. Matsalarta ɗaya a nan wajenmu, tana buƙatar sabuntawa, data kuwa ba kowa ke da ita ba, sabis ma a wasu ƙauyukan sai ka hau tudu. Don haka nakan sauke sabuntawar sau ɗaya a babban faifaina, in ɗauke shi a babur in bi gida-gida.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Filashi biyu masu ɗauke da Linux wadda ke tashi daga jikinsu ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, ɗaya a jaka ɗaya a aljihun riga, saboda na taɓa zuwa Ajingi na tarar ɗayan ya mutu. Babban faifan ajiya da nake naɗewa a tsumma. Sukudireba ƙanana uku, buroshin goge haƙori don share fanka, igiyoyin haɗa waya da kwamfuta, da littafin rubutu mai bangon kwali inda nake rubuta kowace matsala da abin da ya warkar da ita. Littafi na shida nake ciki yanzu. Idan shagon nan zai kama da wuta, su zan fara ɗauka.

Akwai wata malamar Hausa a Kademi, Malama Asabe, da ta aiko a kira ni ana saura mako guda jarrabawa. Kwamfutarta lafiya lau, firinta ma tana aiki. Damuwarta ita ce haruffa masu lanƙwasa. Duk inda ta so rubuta ƙasa sai ta fito kasa, ɗaki ya fito daki. Ta ce mini, "Malam Sale, shekara ashirin ina ja wa yara kunne a kan wannan, yanzu kuma in ba su takarda babu lanƙwasa ko ɗaya? Gara in rubuta da alli." Na zauna a tabarmar zaurensu na buɗe fayil ɗin da ke tsara madannai, na shirya shi yadda idan ta haɗa maɓalli biyu harafin zai fito. Ya fito a allo, amma da muka buga a takarda sai ga ɗan akwati a gurbin kowace ƙ. Na sake komawa, na gano salon rubutun da take amfani da shi ne ba shi da haruffanmu, na canza mata wani. Tun hantsi har la'asar a kan haruffa huɗu. Ta riƙe takardar ta karanta ta daga sama har ƙasa da jan biro a hannu, ba ta sami inda za ta ja ba.

Wanda na fi daɗewa da kwamfutarsa shi ne Bello, wani Bafulatani mai yi wa dabbobi allura a Toranke. Iyayensa sun daɗe da zama suna noma, amma danginsa da yawa har yanzu suna kiwo. Bello yana da wata al'ada. Duk saniyar da ya yi wa allura sai ya ɗauke ta hoto ta gefe biyu, da tsagar kunnenta, mai ita yana tsaye kusa da ita, sannan ya zuba a kwamfuta ya sa wa hoton sunan mai saniyar da ranar. Don tuna wadda aka yi wa allura yake yi. Wayarsa ba ta da wurin ajiya, duk ƙarshen mako yake kwashewa ya goge.

Yanzu bari in zo kan shekarar da nake son ku ji.

Sabon zubin Linux ya fito, tsohon da mutanena ke kai kuma an kusa daina kula da shi. Damina ta fara sauka, na san nan da mako biyu wasu hanyoyin ba za su biyu ba. Sai na yi gaggawa. Cikin kwana biyu na zagaya Gaya, Kademi da Toranke, na sabunta kwamfutoci goma sha huɗu. Ban kwafe kayan kowa ba, don kwafewa tana cin lokaci. Faifansu ƙanana ne, sai na goge tsohuwar zuciyar manhajar don sabuwar ta sami wuri, alhali gare ta ake komawa idan sabuwar ta ba da matsala. Kowacce idan ta gama takan rubuta cewa a kashe a kunna. Ni kuwa in kashe, in rufe, in miƙa wa mai ita, in hau babur. Dokokin maigidana duka biyu na taka, ina sane.

Wanda ya fara zuwa shi ne Malam Garba mai ɗaukar hoto a nan Gaya. Ya ajiye kwamfutar a teburina ya danna maɓalli. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Ya ce yana da hotunan suna da ya yi alkawarin bayarwa ran nan, masu jego sun zo sun koma. Ina cikin dubawa waya ta fara ƙara, daga Kademi, daga unguwarmu, kowa maganarsa ɗaya. Malam Garba ya saurara ya ji, ya miƙa hannu ya rufe kwamfutarsa ya saka a hammata. Ya ce, "Ashe ba tawa kaɗai ka kashe ba. Ba za ka ƙara taɓa ta ba." Ya fita.

Washegari da hantsi Bello ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ya ce, "Malam Sale, kana ina? Ka taho yanzu. Shanun Ardo Buba uku da aka kora wata biyu da suka wuce, ɗansa ya gan su a kara. Wanda ke riƙe da su ya ce saya ya yi. Shugaban kara ya ce a kawo shaida kafin la'asar, in ba haka ba za a loda su a mota zuwa Kudu. Hotunansu suna cikin kwamfutar nan, kuma tun asuba nake kunna ta ba ta tashi."

Na ce, "Sau nawa ka kashe ta da ƙarfi?"

Ya ce, "Ban ƙirga ba. Ya fi goma."

Na ce, "Kada ka ƙara taɓa ta. Ga ni nan."

An kwana ana ruwa. Hanyar Toranke ta zama taɓo, wurare biyu sai da na sauka na tura babur, jakata a ɗaure a ƙirji cikin leda. Na isa ana shirin azahar. Ardo Buba yana zaune a kan buzu a ƙofar gidan Bello, dattijo ne siriri, sandarsa a kan cinya, ɗansa Jaɓɓi a tsaye a bayansa, magidanci mai gemu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ce, "Kai ne mai injin?" Na ce, "Ni ne, Baffa. Kuma ni na ɓata shi." Ya dube ni, ya ce, "To, gyara."

Na danna maɓalli, ko fitila ba ta kama ba. Batirin ya ƙare da kunnawar da Bello ya yi ta yi, solarsa kuma ba ta tara komai ba saboda hadari. Muka ɗauki kwamfutar zuwa rumfar mai cajin waya. Yana da janareta, ba shi da mai, mai sayar da man kuma ya tafi gona. Na ce a kawo tiyo da galan. Na zuƙe man da ke tankin babur ɗina kaf, muka zuba a janareta, ta tashi a ja na uku.

Na soka filashi, Linux ta tashi daga jikinsa, allo ya kawo haske. Jaɓɓi ya ce, "Alhamdulillahi, ta gyaru." Na ce, "Tukuna." Na nemi buɗe faifan da ke cikin kwamfutar, ta ƙi. Na karanta abin da ta ce. Kashewar ƙarfin nan ta hargitsa tsarin faifan, tana neman a gyara shi kafin a buɗe. Akwai umarni ɗaya da ke yin wannan gyaran, da na rubuta shi cikin minti biyar an gama. Amma na san idan ya tarar da fayil ɗin da ya lalace, yakan yanke shi ya ajiye shi gefe ba suna, wani lokacin ma ya tafi ke nan. Idan hotunan Ardo na cikin waɗanda suka taɓu fa? Bello yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Ya ce, "Malam Sale, lokaci."

Na ce, "Gaggawa ce ta kawo mu nan. Ka ba ni minti goma."

Na umarce ta ta buɗe faifan don karantawa kaɗai, ba tare da ta rubuta ko ta gyara komai a kansa ba. Ta ƙi a karon farko. Na duba littafina na uku, inda na taɓa rubuta irin wannan, na ƙara kalma ɗaya a umarnin. Ta buɗe. Hotuna sun fi ƙarfin a bi su ɗaya-ɗaya, aikin shekara da shekaru ne. Na rubuta layi ɗaya na ce ta nemo duk fayil ɗin da ke da sunan Buba. Ta jero su. Na kwafe su zuwa faifaina tukuna, sannan muka fara buɗewa.

Ardo ya taso da kansa ya sunkuya a kan allon. A hoto na biyar ya ɗora yatsa. Ya ce, "Wannan ce. Dubi ƙahon hagu, tun tana maraƙa ta karya shi a rijiya." Ga saniyar, ga tsaga biyu a kunnenta, ga shi kansa tsaye riƙe da igiyarta. Muka sami ta biyu, muka sami ta uku. Na haɗa igiya na tura su wayar Bello. Shi da Jaɓɓi suka hau babur ɗinsa suka tafi, taɓo yana tashi a bayansu. Ni babu mai a nawa, ba inda za ni.

Na zauna a rumfar na fuskanci ainihin ciwon, tunda janareta tana da sauran mai. Na kwafe duk kayan Bello, na gyara faifan, sannan na buɗe rahoton da kwamfutar ke rubutawa duk lokacin da ta yi yunƙurin tashi. A can ƙasa na ga inda ta tsaya. Sabuwar zuciyar ba ta jituwa da direban allon waɗannan tsofaffin injinan. Na faɗi haka a fili, Ardo da ke zaune a gefe ya ce, "Wane direba kuma? Na motar shanun?" Na ce, "A'a Baffa, wani ɗan abu ne a ciki da ke kai saƙo tsakanin injin da allon, haka muke kiransa." Ya ce, "To shi ma a sallame shi a sa wani." Abin da na yi ke nan. Na sa ta tashi da allo mai sauƙi, na cire direban, na sa wanda ya dace daga faifaina, na ɗaure shi yadda sabuntawa ta gaba ba za ta ture shi ba. Na kashe na kunna sau uku. Na rubuta komai a littafi, layi bayan layi.

Bayan la'asar Jaɓɓi ya kira mahaifinsa. Suka yi magana da Fulatanci, ban ji ba. Ardo ya mayar da wayar aljihu, ya ce, "Biyu sun dawo. Shugaban kara ya ga hoto bai ƙara tambaya ba. Ta ukun, wata mota ta cika tun kafin azahar, ba a jira wa'adin ba aka sa ta a ciki, ta tafi."

Na ce, "Baffa, da injin ya tashi da asuba, da ita ma ta dawo."

Ya ce, "Na sani." Ya miƙe ya naɗe buzunsa. "Saura nawa ka ɓata?"

Na ce, "Sha uku."

Ya ce, "To me kake jira a nan?" Ya sa aka nemo mini mai a kwalba daga gidan wani mai injin ban ruwa.

Daminar nan kaf a hanya na yi ta. Maganin yana hannuna, minti ashirin yake ɗauka, amma kai wa ga kwamfutocin ne aiki. Wasu masu su sun tafi gona sai yamma. Wani ya kai tasa Kano an goge komai an ɗora masa wata manhajar, takardun shekara uku suka tafi, na je har gida na gaya masa laifina ne ba na Linux ba, amma bai dawo ba har yau. Shagona ya yi wata biyu babu mai kawo sabon aiki. A tasha ana nuna ni ana cewa ga mai kashe kwamfuta. Na koma karɓar gyaran tocila da fanka don a ɗora tukunya a gida. Kowace safiya in duba sunayen da suka rage a bangon littafi, in ɗaure jaka, in fita. Tun daga lokacin na ajiye inji ɗaya irin nasu a shago, duk sabuntawar da ta zo shi take fara hawa, ya yi mako guda yana aiki kafin ta taɓa na kowa.

Da aka fara yankan gero, suna ɗaya ya rage, Malam Garba mai hoto. Ya ari wata kwamfutar yana lallaɓawa da ita, tasa tana kan kanta ya rufe ta da ƙyalle. Na je shagonsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na yi sallama, na ce na zo gyara. Ya ce ba ya buƙata. Na ce to, sai wata Juma'ar. Na koma, ya ce in daina wahalar da kaina. Juma'a ta uku ya ci gaba da yanke hotunansa da almakashi, na zauna a benci rabin awa na tashi. Ta huɗu ya ce, "Wai kai ba ka gajiya ne?" Na ce, "Hotunan mutane suna ciki, kuma ni na rufe su. Ko ba za ka ƙara kawo mini aiki ba, ka bar ni in buɗe."

Juma'a ta biyar ina sallama na tarar da ita a kan benci, an cire ƙyallen. Bai dube ni ba. Na fara da kwafe kayansa duka zuwa faifaina, na nuna masa adadin fayilolin a nan da can sun yi daidai. Na sauya direban. Ta tashi, hoton jaririn da masu jego suka zo nema, na ranar suna, ya fito a allo, wanda zuwa lokacin ya fara zama. Na kashe na kunna sau uku, na fara naɗe igiyoyina.

Ya ce, "Sake kashe ta."

Na kashe, na kunna. Ta tashi.

Ya ce, "Sake."

Sai da muka yi bakwai. A na bakwai ya jawo kujera ya zauna a gabanta, ya buɗe hotunan yana bi ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye da jaka a kafaɗa. Har na kai bakin ƙofa ya yi magana, idonsa a kan allon.

Ya ce, "Firintar nan ma tana ja mini layi a fuskar mutane. Ka zo da sukudirebanka gobe."

Na ce, "Da ƙarfe nawa?"

Ya ce, "Takwas."

Bakwai da rabi ina ƙofar shagon, kafin ya zo ya buɗe.